Tambayi Ungozoma: Uwar mijina ta daina shan ruwa saboda fitsari na kufce mata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. A Jega nake zaune tare da uwar mijina. Shekarunta 67, haihuwarta tara. Tun bara na lura ta karɓe wankin zannuwanta daga hannuna, da asuba take yi da kanta ta shanya a bayan ɗaki. Ɗakinta ya fara zarni duk da turaren wutar da take sawa. Ta daina zuwa biki da suna, ta bar Islamiyyar tsofaffi da take so kamar me. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ruwa: a wannan zafin sai ta wuni da kofi ɗaya. Jikarta da ke kwana ɗakinta ce ta tsegunta min cewa in ta yi tari, ko ta yunƙura za ta tashi daga sujada, fitsari ke zubo mata. Ni ina jin nauyinta, mijina kuma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa balle su yi irin wannan magana. Yoyon fitsari ne ya kama ta, ko tsufa ne mu haƙura? Daga wata matar ɗa, Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi miki albarka, ba kowace matar ɗa ke duban igiyar shanya ta gane akwai magana ba.

Ruwan nan za mu fara gyarawa, yau ba gobe ba. Tsohuwa a bazarar Kebbi da kofi ɗaya, jiri take nema da faɗuwa da ciwon ƙoda. Kuma dabarar ba ta biya mata buƙata. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki sai fitsari ya yi kauri ya yi ja kamar shayin da aka manta a wuta, irinsa ne ke tsikarar bangon mafitsara ya ƙara mata matsuwa, kuma shi ne mai zarnin da kike ji. Abin da ake so ta sha a wuni lita ɗaya da rabi zuwa biyu ne, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, sai fa in likita ya ƙayyade mata saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. Ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe, kada ta ɗaga moɗa ta shanye a tashi ɗaya. Bayan Magariba ta sassauta, don dare ya yi mata sauƙi.

Yadda kika kwatanta, wannan bai yi kama da yoyon fitsarin da mutane suka sani ba. Shi wancan ɓula ce tsakanin mafitsara da farji, yawanci doguwar naƙuda ke jawo ta, kuma mai shi ba ta da hutu: tana zaune yana zuba, tana barci yana zuba. Na uwar mijinki yana da lokaci, sai an matsa cikin. Wannan bambancin shi nake fara nema ga duk matar da ta zauna gabana tun ina aiki. Ba na tambayar yawansa sai na tambayi lokacinsa.

Bari in tona wa kaina asiri, ko za ki samu abin faɗa mata. Na yi shekara 35 ina karɓar haihuwa tsakanin Argungu, Yauri da Birnin Kebbi, ni kaina na haifi bakwai. Shekara biyu da ajiye aiki, muna wurin kamun ɗiyar ƙanwata, wata tsohuwar ƙawata ta kwaikwayi tafiyar wani malaminmu na makarantar jinya, na tuntsire da dariya. Sai na ji ɗumi. Ina sanye da shadda ruwan ƙasa, irin wadda ɗigon ruwa ɗaya ke nunawa. Haka na zauna a kujerar nan har aka watse, ana ta cewa in taso a yi hoto ina cewa ƙafata ce ke ciwo. Ni da na koya wa ɗaruruwan masu jego yadda za su kula da kansu, sai da na yi wata huɗu ban gaya wa kowa ba. Saboda haka ban ga laifin surukarki ba ko kaɗan.

Kin san ragaya, wadda ake rataye ƙwaryar nono a kai. To a ƙasan ƙugun kowace mace akwai tsoka shimfiɗe kamar ragaya, ita ke ɗauke da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, ita ce kuma ke taimaka wa bakin mafitsara ya tsuke kamar zariyar wando. Kowane ciki yana zaune a kanta wata tara, kowace haihuwa tana buɗa ta. Ki lissafa tara. Ki ƙara da daka, da ɗaukar tulu, da jan guga na shekara hamsin. Daga baya al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke sa fatar wurin ta yi kauri da laushi ya ja baya. Ragaya ta saki, zariya ta yi sako-sako. Tari ko atishawa ko dariya ko ɗaga jarka sai su danna mafitsara daga sama, ƙofa kuma ba ta da ƙarfin tarewa. Wannan shi ne iri na farko, kuma shi nake zato gare ta.

Akwai na biyu, wanda halinsa daban ne. Mace na zaune lafiya lau, sai fitsari ya taso mata kamar an kunna famfo, kafin ta lalubi takalmi da buta ta kai bayi ya riga ta. Wata da ta ji ƙarar zubar ruwa shi ke nan, wata da ta tsoma hannu a ruwan sanyi za ta yi alwalar Asuba a lokacin hunturu. A nan tsokar mafitsarar ce ke matsawa ba da izini ba. Tsofaffi da yawa suna da biyun a haɗe. Akwai kuma wadda mafitsararta ba ta juyewa duka, kullum a cike take tana ɗiga kamar randar da ta tumbatsa, ana ganin haka ga wadda ciwon suga ya daɗe a jikinta ko wadda mahaifa ta sauko ta danne hanya. Wata kuma mafitsararta lafiya ƙalau, gwiwa ce ta hana ta isa masai da wuri, ko duhun tsakar gida. Maganinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa mai lasifika a kasuwa da ke sayar da gora ɗaya ta "sanyin mara" ga kowa ba zai yi muku rana ba.

Kafin ku je asibiti ku yi lissafin kwana uku. Mu a takarda muke so, amma na san tsofaffinmu, don haka ga yadda nake sa su yi. A ajiye ƙoƙo biyu a ƙarƙashin gado da 'yar gyaɗa a gefe. Duk zuwa bayi a jefa ƙwara ɗaya a na dama, duk kufcewa a jefa a na hagu. Da safe jikar nan ta ƙirga ta rubuta, ta tambayi kakarta abin da take yi lokacin da ya zubo. Mai lafiya kan je sau huɗu zuwa takwas a wuni, da dare sau ɗaya ko babu. Mafitsara kan riƙe kusan cikin ledar fiya wata guda kafin ta takura. Idan kuka kai wa likita wannan lissafi kun rage masa rabin aiki.

Yanzu ga aikin da ya dawo da ni cikin mutane. Motsa tsokar nan ne, wanda wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948, har yau da sunansa ake kiransa. Ba ya cin ko sisi. Ta zauna ko ta kwanta, ta tsuke ƙasanta kamar mai riƙe tusa a cikin taro, ta haɗa da gaba kamar mai tare fitsari, ta ja sama. Ta riƙe tana ƙirga uku, ta saki ta huta kamar haka, ta sake. Sau takwas zuwa goma a zama ɗaya, zama uku a rana. Kwanaki na tafiya tana ƙara ƙirgen har ya kai goma. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗauke numfashi, ko matse cinyoyi da ɗuwawu, ko yunƙuri ƙasa kamar mai naƙuda. In tana iya amsa sallama tana cikin yi, kuma wanda ke kusa bai ga ta motsa ba, to daidai take yi. Kada kuma ta mayar da katse fitsari a bayi ya zama shi ne motsa jikin, wannan yana hana mafitsara juyewa sosai.

Ni da salla na ɗaure nawa, don abin da ba a ɗaure da salla ba mantawa ake yi. Bayan na idar da Asuba, da La'asar, da Isha'i, kafin in naɗe sallaya sai in yi goma. Sai wata dabara ƙarama mai saurin amfani: duk lokacin da ta ji tari ko atishawa na tahowa, ko za ta miƙe daga zaune, ta riga shi tsukewa. Gaskiyar da zan gaya miki ita ce abin yana son haƙuri. Wata uku cur ake ba shi kafin a ce ya yi ko bai yi ba, kuma mata da yawa a sati na biyu suke watsarwa su ce ƙarya ne. Nawa sai a wata na biyu na fara zuwa kasuwa ba ƙunzugu. Har yau in mura ta kama ni da tari mai tsanani nakan ɗan yi shiri, ba zan ce miki na koma 'yar ashirin ba.

In lissafin ƙoƙo ya nuna irin na biyu ne, mai tasowa gaba ɗaya, to horon mafitsara ake ƙarawa. In ya taso kada ta zabura da gudu, gudun ne ke zubar da shi. Ta tsaya cik ko ta zauna, ta tsuke sau biyar da sauri, ta ja hankalinta wani wuri har matsuwar ta lafa, sannan ta taka a hankali. Ta fara da jinkirin minti biyar, ta kai goma, ta kai sha biyar, har tsakanin zuwa da zuwa ya zama awa biyu zuwa uku. Wannan aƙalla sati shida yake ɗauka.

Ki duba min bakinta: tana cin goro? Na san tsohuwar da ba ta rabuwa da shi a ƙullin zane. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemon kwalba baƙi, akwai shi a goro, kuma yana ƙara fitsari yana tsokanar mafitsara. Ba na cewa tsohuwa ta bar goro rana ɗaya, faɗa za ku yi a banza. A rage, kuma kada a ci bayan La'asar. Ki duba bayan gidanta ma, don hanjin da ya cika ya yi tauri yana danne mafitsara, yunƙurin fitar da shi kuma yana ƙara sakin ragayar. Miyar kuɓewa, kuka, lalo, kwaɗon zogale da rama, gwanda in ta samu, da ruwan da muka ce. In tana da ƙiba, rage ko kaɗan ne yana rage zubar. Tarin da ya wuce sati biyu kuwa, shi kansa abin kaiwa asibiti ne, a duba ƙirjinta.

Asibiti dai sai an je, ko da motsa jikin ya fara aiki. A gwada fitsarinta, domin ƙwayar cuta a mafitsara kan sa tsohuwa ta kasa riƙewa ba tare da ta ji zafin da yarinya za ta ji ba, kuma maganin 'yan kwanaki ke kawar da ita. A gwada suga. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda. In tana da hawan jini ana ba ta ƙwayar da ke fitar da ruwa, irin su Lasix ko Moduretic, ta yiwu su ke ƙara abin. Kada ku dakatar da kanku, ku gaya wa likita, sau da yawa sauya lokacin sha zuwa safe ko sauya ƙwayar ya wadatar. A kuma duba ko mahaifa ta sauko. In ta sauko akwai zoben roba da ake sakawa ya tallafe ta, akwai man istirojin na shafawa a wurin, akwai tiyata ga wadda sauran hanyoyi suka gaza. Akwai ƙwayoyin kwantar da mafitsara kamar oksibutinin, amma ina roƙonki kada ki saya mata a kemis. Yana busar da baki, yana taurara bayan gida, yana iya rikita tunanin tsoho har a ce ruɗewar tsufa ce. Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku sashen mata a Birnin Kebbi, ko asibitin Sir Yahaya ko na tarayya. Ki nemi mace ta duba ta in da hali, zai rage mata nauyi.

Abin da ba ya jiran sati: jini a fitsari, zazzaɓi da ciwon kwiɓi, kasa yin fitsari gaba ɗaya mara ta kumbura, jini ko ruwa mai wari daga gaba bayan al'ada ta daɗe da ɗaukewa, ko kufcewar ta zo farat ɗaya tare da mutuwar ƙafa. Mu mutanen bakin gulbi mun saba da tsargiya, sai a ga jini a ce ai ita ce. Ga yaron da ke wanka a fadama ta yiwu. Ga mai shekara 67 sai an bincika, don ciwon daji ma da haka yake sallama.

Kafin sauƙi ya samu, a kare fatarta da mutuncinta. Audugar al'ada ba ta ɗaukar fitsari sosai, akwai wadda aka yi domin shi, akwai famfas na manya don tafiya ko dare, sai dai tsadarsu ba kowa ba. Tsohuwar atamfa mai laushi da aka yayyanka tana aiki, in za a canja da zarar ta jiƙe, a wanke a shanya a rana sosai. A wanke wurin da ruwa zalla, a tsane, a shafa man kaɗe ko basilin. Ban da hoda, ban da turare a wurin, ban da Dettol a ruwan tsarki. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado, a ajiye mata fo mai murfi da tocila a ɗaki.

Saura yadda za ki tunkare ta, wanda na san shi ne ainihin abin da ya sa kika rubuto. Kada ki ambaci zarni, ko da wasa. Kada ki aiko ɗanta. Ki ɗora wa kanki: "Inna, tun haihuwar autana in na yi atishawa sai in ji ɗigo, ungozoma ta koya min wani abu, ta ce har manya yana yi wa amfani." Ki faɗa kina tsintar shinkafa, idonki a kan faranti. In ta yi shiru ki bar ta, ta ji. In kuma akwai ƙanwarta ko aminiyarta da suke sirri, ki bi ta can. Jikar nan ma jari ce, tsakanin kaka da jika babu maganar da wasa ba ya ɗauka.

TAMBAYA: Ni ce da kaina mai matsalar, jikana ke rubuta min. Shekaruna sun haura 70. Nakan yi alwala sau uku kafin in idar da salla ɗaya, da na yi ruku'u sai in ji ɗigo in sallame. Wani lokaci har kuka nake. Shekara biyu ke nan ban je Tarawihi ba. Daga wata tsohuwa, Argungu.

AMSA: Yaya, share hawayenki. Ni ba malama ba ce, amma wannan tambaya ta sha zuwa gabana har na kai ta gaban malamai. Abin yana da suna a fiƙihu, salasul bauli, kuma ba a bar mai shi cikin ƙunci ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu an ce an so mai shi ya yi alwala ga kowace salla. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa in ɗigon yana lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, in kuma jefi-jefi yake zuwa hukuncin ya bambanta. Don haka ki ƙirga yawan zuwansa na 'yan kwanaki, ki aika a tambayar miki malamin da kika yarda da shi da wannan lissafin a hannu, har da hukuncin abin da ya taɓa zane.

Nawa ɓangaren kuwa: ki yi fitsari dab da alwala, ki ɗan jira a tsugune, ki karkata gaba ki sake gwadawa don ragowar ta fita. Ki sa ƙyalle mai tsabta. Ki tsuke ƙasanki kafin ki sunkuya ruku'u da kafin ki taso daga sujada, kamar yadda na kwatanta wa ɗiyarmu ta Jega. In azumi ya zo, kada ki haɗa kunu da zoɓo da shayi da ruwa duka a buɗa-baki sannan ki nufi masallaci, ki rarraba su zuwa sahur. Kuma ki je a gwada fitsarin da suga.

TAMBAYA: Gwaggona tun haihuwarta ta ƙarshe, wadda ta kwana uku tana naƙuda ɗan bai zo da rai ba, fitsari ke bin ƙafarta dare da rana. An fi shekara 20. Yanzu ta tsufa, ta ce lokaci ya wuce. Motsa jikin da kike faɗa zai yi mata? Daga wani ɗanki, Dakingari.

AMSA: Ba zai yi ba, ɗana. Wannan alamun yoyon fitsari ne na ainihi, kuma ɓula ba ta toshewa da motsa tsoka ko jiƙo, ɗinki take so. Daɗewa ba ta hana a duba, na ga matan da aka yi wa aiki bayan shekaru masu yawa suka koma gida a bushe, ko da yake wani gyaran yakan buƙaci a shiga fiye da sau ɗaya. Ka kai ta cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi. Gwajin ba shi da wuya: ruwa mai launin bula ake zubawa a mafitsara ta robar fitsari a ga inda yake ɓullowa. Ku tafi da zannuwa da yawa da mace ɗaya da za ta zauna da ita, don in an yi aikin takan yi kamar sati biyu da roba a jiki kafin a cire.